Ruwan Shuka a Hanyar Gidan Rumji

Agye, Lahadi

Ƙarfe biyar na asuba muka hau motar gyaɗa, mu goma sha ɗaya cif, 'yan ƙwallon Agye, za mu wasa a Gidan Rumji. Shekarar da aka samu 'yancin kai ke nan. Ni ne kaftin, ni ne gola. Mun riga mun kasa zuwa wasa sau ɗaya, kuma an gaya mana in muka sake, a soke sunanmu daga gasar ƙananan garuruwa. Dukanmu manoma ne, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Ranar na roƙi Allah kada a yi ruwa, ni ɗan manomi. Har yau ina jin kunyar wannan addu'a.

Maraɗi, kilomita tamanin

Jandarma ya tsare mu a Cadawa, ya matsa ƙwallonmu, ya yi dariya, ya sake mu. Ƙarfe tara da rabi muka shiga Maraɗi. Abokan wasa suka tafi shan fura, na tsaya neman motar da za ta yi yamma. Nan wani direba da ya biyo bayanmu ya gane ni.

"Kai ɗan Agye, mi kake yi nan? An yi ruwa garinku kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ɗau sungumi ya tafi shuka!"

In mutum ɗaya ya juya gida, mun zama goma, an soke mu. Ilu, mai buga mana gaba, wanda babansa ya makance, shi kaɗai ke riƙe da gonarsu, ya zo yana share baki.

"Kaftin, mi direban nan ya ce?"

"Hanya lahiya lau," na ce.

Gidan Rumji

Ta Tibiri muka bi, motar na tari, muka isa ƙarfe biyu. Wani mushen lakol, wato malamin makaranta, ya sauke mu, ya ba mu tuwon hatsi miyar kuka. Loma biyu na iya. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi sama sai in kau da kai. An ci mu uku ba ko ɗaya, biyu laifina ne. Amma an rubuta mun zo.

Litinin ba mota. Talata da la'asar muka sauka Agye.

Gida

Tun daga bakin gari muka ga gonaki an shuke, ƙasa har ta fara bushewa. Ni 'yan'uwana sun shuka tamu. Ta su Ilu kuwa tana nan fayau, kuma ruwa bai sake dawowa ba sai bayan kwana ashirin.

Na gode Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa mushen da ya ciyar da mu. Ilu ne ya same ni a ƙofar gida washegari.

"Tun Maraɗi ka sani?"

"Na sani."

Bai zage ni ba. Ya ce a gaida mutanen gida, ya tafi. Ranar Jumma'a na kai ƙwallo fili, na zauna ni kaɗai har aka kira magariba.