Ranar da muka nome abincin ƙudan zuma

Shekarun baya, muna karatu a Lyon, abokina ɗan Maraɗi ya ga wata Bajamushiya yana so da aure. Ita ta yarda, saura mahaifinta. Da yake ba shi da dangi a nan, ni ya ja na tsaya masa a matsayin kawu, ko gemun kirki ban tara ba.

Muka tafi ƙauyensu, ɗan ƙarami ne. Coci a tsakiya, tsofaffin gidaje da aka sassaƙa shekarar gininsu a saman ƙofa, sai gonakin alkama da dankali. Ta ce mana a da kowane gida manomi ne, har makaranta da gidan burodi gare su. Yanzu matasa sun watse birni, mahaifinta na cikin 'yan kaɗan da suka rage. Mutum ne marar magana. Ya ba mu hannu, ya ba mu abinci, shi ke nan.

Da yamma abokina ya hango gefen gonar tsohon, ciyawa har gwiwa.

"Wallahi abin kunya ne," ya ce mini. "Ina neman 'yarsa, gonarsa ta zauna haka? Gobe gayya za mu yi masa."

Muna idar da sallar asuba muka ɗauko fartanya a rumfar kayan aiki. Ni da rabona da noma tun ina yaro, bayana har ƙara yake. Kafin hantsi mun share wurin tas, muna jiran yabo.

Yarinyar na fitowa ta dafe kai. Ashe furanni ne tsohon ya shuka da gangan saboda ƙudan zumansa, ba su kai ga buɗewa ba.

"Shi ke nan, mon frère, ɗan'uwana," in ji abokina. "Aure ya mutu."

Tsohon ya zo ya daɗe yana kallon wurin. 'Yarsa ta bayyana masa cewa a wajenmu haka saurayi ke girmama suruki. Ya juya ya shiga gida, ya dawo da jakar iri ya miƙa wa abokina. Ta fassara mana tana share hawaye: "Ya ce tun da yayyena suka tafi birni, ba wanda ya duƙa a gonar nan ba a roƙe shi ba. Ku sake shukawa, kuma ka dawo ka ga furen."

Abokina ya koma, aka yi aure, bai sake barin ƙauyen ba. Duk shekara kwalbar zuma na iso ni a unguwarmu ta Guillotière a Lyon, kuma raina na yin fari in na buɗe ta. Tun daga ranar, ko ciyawa na gani a gonar mutum, sai na tambaya. Amma da mun tambaya a wancan karon, da tsohon bai san irin surukin da ya samu ba.