Rabin Barewar da Inna ta Gani

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin robobi a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyadh, na nemo wa mahaifiyata bizar ziyara don a duba mata idanu. Yanar ido ce ta rufe su duka biyun. Tun mahaifinmu yana raye ta fara, bayan rasuwarsa kuma abin ya yi tsanani har ta kai sai da murya take gane mutum. A gida an yi an yi ta je asibiti ta ƙi. Sai da na haɗa mata da Umara sannan ta yarda ta hau jirgi.

A unguwar Malaz muke zaune ni da maiɗakina, a wani ɗan gidan sama da tagoginsa ke kallon bangon maƙwabta. Aka yi aikin idon dama lafiya lau. Washegari da aka cire bandeji, likita ya ɗaga yatsu ta faɗi adadinsu daidai, ni kuwa tun a farfajiyar asibitin na fara buga waya gida ina ba da albishir. Amma muna komawa sai Inna ta yi shiru. Ba ciwo take ji ba, na tambaya har na gaji. Abinci sai ta taɓa kaɗan ta ture, ta koma kan darduma da carbinta. Da lokacin aikin ido na biyu ya matso, sai ta ce ba za a yi ba.

"Ɗayan ya ishe ni," in ji ta. "Me zan kalla a nan? Gabas bango, yamma bango. Ka nemo mini jirgi in koma."

Likita kuwa ya riga ya gaya mini cewa yanar hagun ta nuna sosai. In aka bar ta tana iya tayar da hawan jinin ido, shi kuma in ya ci ido ba a dawo da shi. Na kawo mata wannan magana yadda aka faɗa mini, har da zane a takarda. Na sa ƙanenta ya kira daga gida ya yi mata nasiha. Duk ta saurara, ta ce Allah ya yi albarka, amma tana nan a kan bakanta. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni ta gaya mini abin da ke ranta.

Ina da wani aboki mutumin Damagaram, ya zo karatun hadisi ya daɗe a garin har ya saba da maƙwabtansa Larabawa. Su suka koya masa abin da suke kira kashta, wato a ɗauki mota da tabarma da kayan shayi a fita jeji a wuni. A makon nan an yi ruwa irin wanda ke cika ƙarƙashin gadojin Riyadh, sai ga shi ya zo gaishe da Inna. Ya durƙusa daga bakin ƙofa suka gaisa, ya ce, "Inna, kin zo ƙasar nan ba ki ga komai ba sai Harami da asibiti. Ranar Asabar ki zo mu kai ki daji."

"Daji a nan? Ai an ce ko ciyawa ba ta fita."

"Ki dai zo ki gani da idonki."

Yana faɗa ya gane abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Sai Inna ta yi dariya, karon farko tun bayan aikin, ta ce to Allah ya kai mu.

Na tambayi likita, ya ce idon ya warke, ta dai sa baƙin gilashi saboda rana da yashi. Abokina ya aro tsohuwar jif ta maƙwabcinsa, muka tashi bayan asuba muka yi arewa. Inna ce a gaba, ni a baya da tukunyar shinkafa tsakanin ƙafafuna da wani madubin hangen nesa da na saya musamman don tafiyar. Mun wuce yankin Sumama da tantunan masu raƙuma, muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare. Can sai ya sauka daga kwalta, ya tsaya ya rage wa tayoyi iska, ya ce haka ake yi don kada yashi ya riƙe mota.

Daga nan ne na san ni ɗan birni ne. Tuddan yashi ne ja wur, kamar an niƙa jan bulo an zuba, wani na bin wani har iya gani. Motar ta hau ɗaya tana gurnani, gabanta ya ɗaga sai sama kawai muke gani, sannan ta sulale ta ɗaya gefen. Na riƙe kujera da hannu biyu ina ta salati. Inna kuwa ko a jikinta, ita da ta girma tana hawan jaki zuwa fadama.

"Kai, ka rage murya," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Kana ruɗa yaron mutane yana tuƙi."

Muka hau wani tudu mai tsawo, abokina ya taka birki a samansa. A ƙasa, tsakiyar jan yashin nan, wani kwari ne shimfiɗe kore shar. Rauda suke ce wa irin wurin, inda ruwan sama ke taruwa ya kwanta. Ciyawa har gwiwa, furanni ruwan ɗorawa da wasu shuɗaye masu tsawo, ga magarya da farar ƙaya sun yi inuwa jefi-jefi. Da muka sauke gilashi wani ƙamshi ya shigo motar, ya ce na shuɗayen nan ne, huzama sunansu.

Inna ta fito ta tsaya ta daɗe. Raƙuma suna kiwo can gefe, baƙaƙe ƙirin, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin baƙin raƙumi ba. Wani alhudahuda ya sauka kusa da tabarmarmu yana buɗe tukkunsa yana rufewa, ta bi shi da kallo har ya tashi. Sama kuwa gaggafa ce ke kewayawa ba ta ko kaɗa fiffike. Na ɗauko madubina don in nuna gwaninta, na yi ta murɗa shi ban ga komai ba sai hazo, ƙarshe na mayar da shi jaka. Da azahar ta yi na zaga bayan wani kurmi zan yi alwala, sai ga wani damo mai ƙayar wutsiya ya leƙo daga rami dab da ƙafata. Ban san lokacin da na yar da buta ba. Na iso tabarma da takalmi ɗaya, abokina yana riƙe da ciki don dariya, Inna tana girgiza kai tana cewa wai wannan ne magidanci.

Bayan mun yi salla mun ci abinci, abokina ya ce bari ya je ya gaisa da mai raƙuman. Ina jin da gangan ya bar mu. Na hura gawayin da muka zo da shi na ɗora shayi. Inna tana zaune ta miƙe ƙafafu, tana murza ganyen huzama a tafin hannu tana sansanawa. Ban ɗauko maganar asibiti ba, don na gaji da ita ni ma. Ita ce ta fara.

"Ranar da aka cire mini ƙyallen nan, wa na fara gani?"

Na ce likita.

"Bayan shi."

"Ni ne, Inna."

"To ni wani dattijo na gani mai furfura a gemu, yana ta washe mini baki. Sai da ka yi magana na san kai ne." Ta ƙara murza ganyen a tafinta. "Da muka koma gida na shiga kewaye, na ga tsohuwa a madubi. Wallahi uwata na gani, a shekarar da ta rasu. Ni a raina ina nan yadda na bar kaina."

Na zuba shayi na ajiye a gabanta, ba ta ɗauka ba.

"Malam mahaifinku kuma tunda ya rasu ban ga ɗakinsa ba. Ina wucewa ta ƙofar, amma ban gani ba. Da duhun nan sai in ji kamar masallaci ya tafi bai dawo ba tukuna. Yanzu in na koma zan ga buzunsa, in ga inda yake rataye hula. Da ido ɗaya ma ban san yadda zan yi ba, kai kuma kana ta neman a ƙara mini na biyu."

Duk bayanan likitan da na haddace babu wanda ya shiga nan. Muka zauna haka, iska tana kaɗa ciyawa, har shayin ya huce ta ɗauka ta sha.

Bayan la'asar muka kama hanyar dawowa ta gefen wani yanki da hukuma ta keɓe wa namun daji. Muna tafe a hankali sai abokina ya kashe mota, ya ɗaga yatsa ya nuna dama. Bareyi ne, 'yan kaɗan, da ƙarama ɗaya a tsakiyarsu. Launinsu ya saje da yashi, in ba su motsa ba ba za ka ce akwai su ba. Suna tafe suna tsinkar ciyawa, su ɗaga kai su saurara, su ci gaba. Inna ta cire baƙin gilashin ta riƙe a hannu. Ta jingina da taga, leɓunanta na motsi.

Ban san abin da ya firgita su ba. Lokaci guda suka zabura, suka gifta ta gaban motar suka yi hagu, suka tsallake wani ɗan kwazazzabo ɗaya bayan ɗaya kamar ba sa taɓa ƙasa, ƙaramar ce ta ƙarshe. Ni da abokina muka yi kabbara tare.

"Inna, kin ga tsallen nan?" ya ce.

Tana ta juya kai gaba ɗaya tana nema, amma sun riga sun ɓace bayan tudu.

"Ban gani ba," ta ce. "Suna zuwa daidai hancina suka shige duhu."

Ta mayar da gilashinta, muka ci gaba. Sai da muka hau kwalta muka tsaya a gidan mai ana mayar wa tayoyi iska, abokina yana waje, sannan ta ce, tana kallon gaba, "Shi likitan nan, gobe yana zama?"

Na ce yana zama. Ta ce to.

An yi aikin hagun a makon, aka ƙara mata wa'adin biza har ya warke. Ana gab da tafiyarta ta ce a mayar da ita wurin nan. Muka je, amma zafi ya riga ya shigo. Ciyawar ta bushe, furannin sun kaɗe, ko sawun barewa ba mu gani ba. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta zauna a kan tudun ta yi ta kallo, kanta a tsaye ba ta juya shi ko'ina, can ta ce, "Ashe wurin nan da faɗi haka."

Na daɗe da barin Riyadh, abokina ma ya koma Damagaram yana koyarwa. Abin da ya zauna mini daga wannan tafiya shi ne, mutum yakan ƙi abu da dalilin da ba zai iya faɗa a cikin ɗaki ba, ana tsaye a kansa ana jiran amsa. Ni na ɗauka tsoron wuƙar likita take yi, na yi ta kawo hujja a kan tsoron da ba shi ne nata ba. Yanzu in wani nawa ya kafe a kan abu, nakan rage magana in nemi inda za mu zauna.

Ƙanwata ce ta ba ni labarin ranar da Inna ta isa gida. Ta ce bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ta karɓi makullin ɗakin mahaifinmu ta shiga ita kaɗai ta turo ƙofa. Ta jima a ciki, ba wanda ya bi ta. Da ta fito idanunta duka biyun sun yi ja, ta tsaya a bakin ƙofar ta ce a miƙo mata tsintsiya, wai duk shekarun nan ashe ba wanda yake share bayan gado.