Filin Da Ban San Lambarsa Ba

A lokacin ni direban tasi ne a Bronx, ga ƙarfi ga zafin kai, irin mutumin da hannunsa ke riga tunaninsa. Duk Asabar ina buga zari-ruga da wata 'yar ƙungiyar unguwa, ba albashi sai tsamin jiki. Filinmu na gida yana cikin wani makeken dandali mai filaye birjik, kowanne da lambarsa a allo, amma mu Bakin Gada kawai muke ce masa. Shekara da shekaru ina birgima a wurin, ban taɓa ɗaga kai na karanta allon ba.

Ranar da abin ya faru, mun haɗa kafaɗu ana turereniya sai gungun ya rushe. Kowa ya miƙe ban da abokina, wani ɗan Maraɗi mai shago a unguwar Highbridge, wanda ni na ja shi wasan. Ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Na kira motar asibiti, matar da ta ɗauka ta tambaye ni lambar fili, na hau inda-inda ina cewa kusa da gada. Ta ce ai gadar da tsawo take. Sai na koma ga abin da muka saba a gida, na ce a kama mini shi mu sa a tasi. Har na zura hannu ƙarƙashin hammatarsa, sai wata 'yar Zongo, ma'aikaciyar jinya da ta zo kallon ƙanenta, ta durƙusa ta riƙe kansa gam, ta ce sai dai in bi ta kanta. Na zazzaga mata masifa, na ce in ya mutu alhakinsa a wuyanta. Ko kallo ban ishe ta ba, ta ce in ruga in karanto allon. Na ruga ina kuka wiwi, ƙato da ni.

Daga baya likita ya ce ƙashin wuyansa ne ya tsage, da an ɗaga shi, da shi da tafiya har abada.

'Yan'uwa, sauri kan haifi nawa. Ku san sunan inda kuke wasa da lambarsa, kuma wanda ya bugu a wuya kada ku motsa shi, komai son da kuke masa. Abokina yau yana takawa, da ɗan ɗingishi. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, amma duk sanda ya miƙo hannu mu gaisa, kunya ce ke rufe ni, don na san abin da hannun nan nawa ya kusa yi masa.