Kujerar Honora

Festy Conneely, mahaƙin kaburbura a ƙauyenmu na Ireland, bai taɓa kayar da matarsa Honora a gardama ba. Har ta makwancinta ita ta ci: sai kusa da uwarta, a maƙabartar 'yan Furotesta, inda aka hana limaminmu na Katolika yin addu'a. Ƙasa kawai ya sa wa albarka, aka zuba mata a akwatin gawa.

Jarababbiyar ba ta kwanta ba. Kullum da safe Festy kan tarar da kujerarta da ɗumi.

Da wakilinmu ya kai kukan hana addu'ar gaban majalisar Landan mai mulkinmu a lokacin, mai gadin maƙabartar ya ce wa Festy, "Tsoho, ina ruwan matacce da addu'a?"

Festy ya ce, "Zo ka faɗa mata da bakinka. Tana gida."