Majanyin Kaka Dije

Duk hutun makaranta akan kwashe mu daga Gwarzo a kai mu Dugabau, wurin Kaka Dije, mahaifiyar Babana. Bayan sallar isha'i takan tura karan dawa cikin murhu, ta watsa gyaɗa a toka, mu kewaye ta muna ƙona yatsu. Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Guda ɗaya ce ta zauna daram, domin a gabana aka haife ta.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulu da madara ma sai an bi layi. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa matar Baffa Sani, ƙanen Babana da ke fataucin goro a Kumasi, ta haifi namiji. Kaka ta kafe sai ta je ta ga angonta. Baba ya yi ta kawo uzuri, ita kuwa ta kai awakinta kasuwa. Da dogon hutu ya zo muka kama hanya, ni da ita da Baba da Inna, muka yi kwanaki a mota har ƙafafunta suka kumbura.

Tsarabarta ba ta da yawa: kuka, daddawa, sai wani majanyi na saƙi, rinin baba. Da shi ta goyi 'ya'yanta duka, mu ma jikoki babu wanda bai ɗana shi ba. Duk tsawon hanya a cinyarta yake. Burinta ɗaya, ta ɗaura yaron nan a bayanta ko sau ɗaya.

Gidan bene muka tarar, na surukar Baffa, wata Hajiya mai haƙorin Makka. An karɓe mu da abinci, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma da Kaka ta miƙa hannu ta warware majanyi, sai Hajiya ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Iya, ai yaran yanzu ba a sa musu irin wannan, fatarsu ba ta ɗauka." Washegari aka yi ruwa. Muka fito muka ga majanyin shimfiɗe a bakin ƙofa, ana goge ƙafa. Baffa Sani ya dawo daga kasuwa, ya dube shi, ya dubi uwarsa, ya ɗaga kai sama, ya goge takalminsa ya wuce. Kaka ta sunkuya ta naɗe abinta. Har muka dawo gida yaron bai hau bayanta ba.

A daren farko da muka sake zama gaban murhu sai ta ce, "Ga ta nan, mai kunne ya matso." Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wata tsohuwar zabuwa ce ɗanta ya ƙetare kogi ya yi aure a gidan agwagi. Da ta ji an ƙyanƙyashe mata jika, sai ta fige gashin ƙirjinta mai laushi, ta ɗauka a baki, ta ratsa ruwa ta kai don a yi masa shimfiɗa. Uwar agwagwa ta fito daga taɓo ta share ƙafafunta da shi. Ɗan zabuwa yana tsaye, sai ya ɗaga kai yana kallon gajimare. Nan take rana ta leƙo ta ƙone masa kai. Wani dare Kaka takan ce gashin kansa ya zube ɗaya bayan ɗaya, wani dare ta ce cinnaku ne suka bi saiwar suka cinye. Kullum azabar ƙaruwa take, tana faɗa tana karya kara a gwiwa. "Shi ya sa har gobe kan zabo ƙwal yake," in ji ta, "kowa ya gan shi ya san abin da ya yi."

Ni dai haushin Hajiya ke cina. Na ce, "Kaka, agwagwar fa? A yanka ta mana!"

Ta harare ni. "Ke tafi can. Agwagwa me ta sani? Ita ta kwanta a kan gashin nan tana jaririya?"

Kowace tatsuniya takan rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. In mun tuna mata sai ta ce, "Ba ta ƙare ba."

Shekaru suka ja. Baffa yakan aiko da goro da atamfa, ta rabar wa maƙwabta tun kafin ɗan aike ya juya. Lokacin da maganar shari'ar Musulunci ta cika gari ina da aure da goyo, ita kuma ciwo ya kwantar da ita. Ta kira ni ta sa na buɗe ƙasan adudunta. Majanyin na nan, ba ta taɓa wanke shi ba, jar ƙasar Kumasi ta bushe a jikinsa da shatin takalmi.

"Malamai sun ce ba ni da ikon hana shi gado," in ji ta. "To, ban hana ba. Amma wannan kayansa ne, da shi na goye shi. Ki ba shi a hannunsa, a gaban mutane."

Baffa ya iso bayan an yi bakwan rasuwarta, da furfura, da saurayin ɗansa da bai san sunan kowa ba. Aka raba gado yadda addini ya ce, ya karɓi nasa. Sannan na durƙusa na ce, "Baffa, ga saƙon Kaka." Ya warware. Na ga idonsa ya sauka a kan shatin. Ya yi kamar zai ɗaga kai sama, wuyan ya ƙi. Ɗan ya ce, "Baba, tsumman mene ne wannan?" Baffa ya rungume majanyin a ƙirjinsa.

Na sha jin wa'azin yafiya, kuma na yarda da shi. Amma ran nan ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, sanyi na ji a raina. Sai da na goyi nawa 'ya'yan na gane dalilin da ya sa Kaka ta ƙyale agwagwa. Wulakancin bare yakan wanku da ruwa, na wanda ya yi barci a bayanka ne ba ya fita. Ina kallon Baffa rungume da majanyin yana kuka kamar yaro, na faɗa a hankali, a madadinta: ƙurunƙus.