Littafin Marubucin Waƙa da Lambun Kawu

A shekarar da na fara aiki a wani kamfanin jima a Challawa na sayi littafin, wajen wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi a Bompai. Bangonsa ma ya cire. Babu waƙa ko ɗaya a ciki, bayanai ne da wani marubucin waƙa ya yi a kan itatuwa da ruwa, da yadda baiti yake zo masa. Nakan karanta shi a hutun azahar, hannuna na warin fata.

Abin da ya kama ni, mutumin ba ya gaggawa. Sai ya cinye shafi uku a kan tsuntsu ɗaya yana shan ruwa, kuma ba ka gajiya. A ganinsa, mai son rubutu ya fara zama a bakin ruwa ya yi shiru, har ya gane abin da ke wurin da abin da ya daina zuwa.

Wata Juma'a na ce bari in gwada. Na gangara lambun kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ke noman latas a bakin rafin da ya bi ta bayan kamfanoni. Na zauna da biro da takarda. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, kumfa ta taru a gefe. Na daɗe ina kallo, ko motsin kwaɗo babu. Balbela ɗaya ta sauka, ta tsaya, ta tashi ba ta sa baki ba.

Na ce, "Kawu, yaushe rabonku da ganin kifi a nan?"

Bai ɗago ba, yana ta jan tiyo. "An kwana biyu. Me kake rubutawa?"

"Abin da na gani."

"To, rubuta latas ya yi kyau bana."

Ya yi kyau kuwa, kore shar. Sai a lokacin na lura da ƙafafunsa: daga idon sawu zuwa gwiwa fatar ta yi fari-fari, duk ta tsattsage. Launin ruwan nan kuma na san shi. Ni nake buɗe bututun da ke sakinsa kowace safiya.

Da zan tafi ya cika leda da latas ya ce in kai wa mahaifiyata. Na karɓa da hannu biyu. Na kasa zubarwa a hanya, na kuma kasa gaya mata. Bayan la'asar ta yanka shi ta haɗa da ƙuli-ƙuli, ƙannena suka kewaye tire, ta dube ni ta ce in matso in sa hannu.