Ganyen da Mama ke Zubawa a Kunun Gyaɗa

Shekarun baya, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ina sabon malamin firamare a Kafanchan. Duk Asabar nakan hau keke in je ƙauye duba mahaifiyata, in kwana, mu yi sujada tare ranar Lahadi. Tana fama da hawan jini, asibiti sun ɗora ta a kan wasu 'yan ƙwayoyi farare. Ta tsane su, wai suna sa ta yawan fitsari kamar mai tsohon ciki.

Wata Asabar na iske ta a tsakar gida tana ta dariya ba dalili, ta kuma share kwano biyu na gwaten acca. Mahaifiyata fa ita ce shugabar zumuntar mata a majami'armu, mace ce da ko fasto sai ya gyara murya kafin ya yi mata magana. Ta ce mini ta warke. Ƙanenta, wanda ya dawo daga soja barci ya gagare shi, ya kawo mata wani busasshen ganye, ya ce shi ke sanyaya masa jini. Kowace safiya tana murza shi a kunun gyaɗa. Ƙwayoyin asibiti kuwa ta juye su a gwangwanin madara ta tura bayan randa.

Ta kwance ƙullin ta miƙo mini. Tun kafin in kai shi hanci na gane. Shekara biyu na yi ina zuƙar wiwi a kwalejin horon malamai, ni ɗin nan mai jan waƙa a majami'a. Na daina, kuma ba wanda ya sani a gida. In na faɗi sunan ganyen, na san tambayar da za ta biyo baya. Sai na ɗaure ƙullin da kyau na ce Allah ya ƙara sauƙi. Jarumtar da na iya ke nan.

Bayan sati biyu, ana cikin sujada aka kira zumuntar mata su fito waƙa. Mama ta miƙe da hanzari, ta yi taku biyu, sai ta yanke jiki ta faɗi. Goshinta ya daki bakin benci, jini ya ɓata mata ɗankwali. A motar kayan citta muka kai ta Kafanchan, ina riƙe da kanta.

Wata dattijuwar nas ta ɗaura mata abin awo a dantse tana kwance. Jinin yana sama, zuciya na bugawa da sauri. Ta sa na tsayar da ita ta sake gwadawa, sai ga shi ya sauka farat ɗaya, Mama ta fara layi. Nas ta tambayi abin da take sha. Mama ta ce ganyen gargajiya ne kawai, "shi ba ya da suna." Nas ta ce in ba ta san mene ne ba, ba ta san ta inda za ta fara ba.

"Wiwi ne, Sista," na ce.

Nas ba ta yi faɗa ba. Ta ce abin yana sa zuciya gudu, yakan ɗaga jini, in mutum ya miƙe kuma ya saukar da shi har ya ga jiri. Sanyin da ake ji a kai ne kawai, ciwon yana nan. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne barin ƙwayoyin, don shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. A lokacin ganyen nan yana iya kai mutum gidan yari, amma maganar ba ta bar ɗakin ba.

Da muka rage mu biyu, Mama ta tambaye ni yadda aka yi na san shi. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa.

"Ran da na nuna maka, ka riga ka sani?"

"Na sani, Mama."

Sai ta ce, "Shan da ka yi, tsakaninka da Ubangiji ne, ɗana. Amma shirun, ni ka yi wa."

Ta koma kan ƙwayoyinta, tana sha tana mita, ta kuma daɗe a duniya har ta goyi 'ya'yana. Kawuna ma ba ta kore shi ba. Ta ce yaƙi ne bai gama sakinsa ba, ta ja shi da kanta ta kai wa nas ɗin.

Yanzu ni ma hawan jinin ya kama ni, kowace safiya ina haɗiyar tawa ƙwayar ba gardama. Har yau ina jin kunyar shirun nan fiye da shekara biyun da na yi ina sha. Tabon bai taɓa barin goshin Mama ba. Duk wanda ya tambaye ta abin da ya ji mata ciwo, ko ina zaune a wurin, sai ta shafa shi ta ce, "Benci ne."